Rasuwar Otis, Kwalekwalen da Surukina Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma ba tare da na yafe wa kowa ba, ni Delmer Stidham na bakin Gadar Ƙarfe nake sanar da 'yan'uwa, da 'yan majami'armu, da duk mai riƙe filafili a kogin Holston, rasuwar kwalekwalena Otis. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Ba kogi ba ne kuma, ko da yake za ku ji ana faɗin haka. Royce Tackett, mijin ƙanwata Darlene, shi ya kashe shi. Ya ɗauke shi daga rumfata bayan na ce masa a'a, ya kai shi ruwa ranar da agwagwa ma ta nemi tudu, ya ɗaura masa angar tafki, ƙarfen tsayar da jirgi, a haƙarƙari, sannan ya bar shi ya mutu don ya ceci hoton kifi. Na sa wannan a farko ne saboda wanda zai gaji kafin ya kai ƙarshen takarda ya tafi da abin da ya fi muhimmanci.

Marigayi kayak ne, wato siririn kwalekwale na roba, mai ɗaukar mutum ɗaya, kore irin koren ganyen da ya kwana a ruwa. Ban san ranar haihuwarsa ba. A hannun wata gwauruwa na same shi, yana kife a bayan gidanta, rina ta yi gida a cikinsa. Na sa masa sunan alfadarin kakana, don tun fitarmu ta farko na ga halinsu ɗaya ne. Ba ya sauri, ba ya fahariya, in kuwa ya ƙi bin wata hanya to akwai dalili, kuma wanda ya matsa masa zai ga dalilin da idonsa.

Shekara goma sha wani abu muka yi tare. A tsawon zaman nan Otis bai taɓa shan ɗigon mai ba. Bai taɓa tayar da maƙwabci daga barci ba. Bai taɓa ƙin tashi da safe don sanyi ba. Ya ɗauke ni ina da ƙiba, ya ɗauke ni na rame, bai ce komai a kai ba. Duwatsun kogin nan sun zane masa ciki kamar bayan tsohon jaki, na ja shi a kan tsakuwa, na manta shi a rana, sau ɗaya ma ya faɗo daga bayan a-kori-kura a kan kwalta, ya tashi ya koma aiki. Ni ban yi boko mai nisa ba. Walda na koya, sauran abin da na sani kuwa da kaina na karanto shi, ko kogi ya koya mini da mari. Amma na zauna da mutane fiye da shekara hamsin, kuma in aka ce in kawo mutum uku da zan yi wa irin shaidar da nake yi wa robar nan, sai na nemi a ba ni lokaci.

Ba mai yawan magana ba ne. In na ja shi zuwa bakin ruwa yakan ce ƙurrr a kan tsakuwa, kamar dattijo yana gyaran murya kafin addu'a. In ƙananan igiyoyin ruwa suna taɓa masa hanci sai ka ji shap, shap, a hankali. In kuwa kifin bas ya faɗo masa a ciki yana bugun wutsiya, sai ya amsa tum, tum, tum, kuma wannan ce kaɗai dariyar da na taɓa ji daga gare shi. Shekarar da matata Nadine ta rasu, mutane sun cika mini gida da abinci da maganganu. Kowa ya zo da ayarsa da kwanonsa. Otis ne kaɗai ya san a yi shiru. Ya kai ni ƙarƙashin itatuwa inda ba mai ganina, ya tsaya cak har na gama abin da na je yi, bai kuma faɗa wa kowa ba.

Don a gane yadda ajali ya same shi, dole in ambaci bangon shagon Mis Opal Kilgore, duk da cewa kowa ya san shi. A nan muke sayen koto da ƙugiya da kofi, a nan kuma bencin masu filafili yake. Duk shekara ƙungiyarmu tana gasa. Ka kama bas daga cikin kwalekwale, ka kwantar da shi a allon awo a kan cinyarka, ka ɗauki hoto, ka mayar da shi ruwa da ransa. Wanda nasa ya fi tsawo, Mis Opal ta manna hoton a bango saman benci, ta rubuta sunansa a ƙasa. Ba kuɗi, ba kofi na azurfa. Suna ne kawai, da wurin zama. Sunan mahaifina yana nan, ya dushe. Nawa yana nan. Na abokina Vernon Haney yana nan.

Na Royce babu, kuma abin da ke cinsa ke nan. Royce mutumin tafki ne, daga can ƙasa ya zo ya auri Darlene, yana sayar da tayoyi. Yana da jirgi mai inji, mai ƙyalƙyali kamar takalmin 'yar rawa, wanda in ya taso kifin gundumomi biyu sai ya ɓuya. Zamansa a garin nan ya isa a haifi yaro ya yi gemu, amma har yau in ya zo shagon da safe, a tsaye yake shan kofinsa kusa da firjin ƙanƙara, don ba wanda ya taɓa matsa masa a benci. Wasu za su ce mun yi masa rashin kirki. Ba mu muka hana shi ba. Kogi ke ba da wurin zama a nan, shi kuwa bai taɓa zuwa ya roƙa ba. Aikinsa shi ne in ya ga na ɗora Otis a mota ya ɗaga murya, "Yaya Delmer, yau ma a bahon wanka za a fita? Ka tafi da sabulu mana!" Ya yi dariya shi kaɗai, idonsa kuwa yana kan bango.

Ranar Juma'ar da ta gabaci ciwon ajali, ruwa ya riga ya kwana yana sauka a kan tsaunuka. Ina cikin rumfa ina gyaran wata ƙofar ƙarfe sai ga Royce, hannu a aljihu.

"Yaya Delmer, aron bahon nan naka zan yi gobe."

"Sunansa Otis."

"To, Otis ɗin. Gobe fa gasa za ta rufe. Na hango wani ƙato a ƙarƙashin Dutsen Gwauro, daga kan gada. Bayansa kamar cinyata, na rantse."

"Ka duba ruwa yau?"

"Ɗan ja ne ya yi. Haba Yaya, ni da na ratsa tafki cikin guguwa ina cin gyaɗa?"

"Tafki kwano ne, Royce. Kogi hanya ce, kuma gobe manyan motoci za su bi ta. Ba na ba ka."

"Ko don Darlene?"

"Don Darlene ɗin ne ma. Baƙaƙen kaya ba sa yi mata kyau."

Ya yi 'yar dariya ya fita. Na ɗauka magana ta ƙare, don ni in aka ce mini a'a, a'a nake ji.

Asabar da safe na haye tsauni zuwa gidan kula da tsofaffi in duba mahaifiyar Nadine, kamar yadda na saba. Ina juya baya Royce ya shiga rumfata. Ya ce wa Darlene na amince, ita kuwa ta yarda, don mace ce mai gaskiya kuma tana zaton kowa haka yake. Ita ta kai shi mashigin sama, inda ake sa jirgi a ruwa, ta sauke shi, ta koma gida da gudu kafin hadari ya sauko.

A nan ne laifin yake, kuma ina so a karanta shi a hankali. A jikin ƙusa, dab da inda Otis yake kwana, akwai guntuwar sarƙa da na zura a cikin tsohon tiyon keke. Kowane mai filafili a kogin nan yana da irinta. Ta wutsiya ake sakinta, ta riƙa jan ƙafa a ƙasan ruwa, ta rage maka gudu, hancin jirgi yana kallon inda ruwa ya nufa. Sarƙa ba ta kama ƙasa, shi ya sa muke sonta. Royce ya ga sarƙar, ya raina ta, ya bar ta a rataye. Ya ɗauko angar jirginsa na tafki, mai farata huɗu, irin wadda in ta cafki dutse sai dai a yanke. Ya ɗaura igiyarta a mariƙin gefe, kusa da ƙugunsa, inda hannu zai kai da sauƙi. Haka suke yi a tafki, inda ruwa ba shi da wurin zuwa. A kogi kuwa, ɗaura anga a gefen jirgi daidai yake da ka ɗaure ƙafar mutum ka tura shi gaban jirgin ƙasa. Yaran da ke wasa a mashigi sun san haka. Ba wanda ya faɗa wa Royce don bai taɓa tambaya ba.

Abin da ya biyo baya Vernon Haney ne ya gani, don yana kan gada da rigar ruwa yana kallon kututturan da kogi ke wucewa da su. Vernon bai taɓa yi mini ƙarya ba sai a kan tsawon kifi.

Ya ce hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga yamma, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kogi ya koma kalar kofi da madara, yana tafe da rassa da tayoyi da kujerar wani. Cikin wannan sai ga Otis ya ɓullo daga kwana, da Royce a kansa yana tuƙi kamar mai dama kunu. Ya ce ba Royce ke tuƙa jirgin ba, jirgin ne ke kai kansa, yana bin hanyar da ya saba, yana kauce wa duwatsun da ya sani tun kafin ruwa ya rufe su.

Gaskiya ɗaya ce, ba zan rage wa Royce ba: ya kama kifin. A bayan Dutsen Gwauro akwai ɗan wurin da ruwa ke juyawa ya huta, a nan manya ke fakewa in kogi ya kawo. Ya jefa, sanda ta lanƙwashe, kifi ya yi tsalle, Vernon ya ce daga kan gada ya ga jan idonsa. Royce ya jawo shi har cikin jirgi. Da a nan ya tsaya, ya bar ruwa ya gangara da shi zuwa inda ya lafa a ƙasan gada, da yanzu ba na rubuta wannan takarda. Amma hoto yana son hannu biyu, ɗaya ya danne kifi a allo, ɗaya ya riƙe waya, shi kuma yana tsoron kada kifin ya kuɓuce. Sai ya ajiye filafili, ya jefa anga.

Ta cafki dutse nan take. Igiya ta miƙe, Otis ya juya ya ba kogi haƙarƙarinsa gaba ɗaya. Ruwa ya fara hawa gefen da ke sama.

Vernon ya ƙwala ihu. "Kai, ɗan tafki! Yanke igiyar! Wuƙa tana ƙirjinka, yanke!"

Wuƙar tawa ce, tana maƙale a jikin rigar ceto tawa da ya saka, an ajiye ta nan ne don irin wannan rana.

Royce ya ɗago kai. "Bari in ɗauka tukun! Bai kwanta daidai ba!"

"Kai ne za ka kwanta daidai, sakarai! Yanke!"

Sauran abin da Vernon ya faɗa ba na takarda ba ne.

Ina so a rubuta a tarihin marigayi cewa ya ba Royce lokaci. Ya karkata ya dawo. Ya sake karkata, ya sha ruwa, gup, gup, ya sake dawowa. Lokacin da ya bayar ya isa mutum ya yanke igiya har ya ninke wuƙa. Royce ya yi amfani da shi wajen gyara wutsiyar kifi. Sai Otis ya kife. Kifi ya yi nasa wuri. Igiya ta lilo da jirgin ta maka shi a Dutsen Gwauro, kogi duka ya hau bayansa ya danne. Vernon ya ce duk da tsawar da ake yi ya ji ƙarar, ƙwas, kamar an taka busasshen reshe.

Royce kuwa rigata ta ɗaga shi. Ya wuce ta ƙarƙashin gada yana shan ruwa yana amayarwa, hannu ɗaya a sama riƙe da waya. Vernon, da ciwon gwiwarsa, ya gangara ya cafko shi ta wuya daga cikin rassa ya jawo shi tudu. Mutumin nan bai ce na gode ba, bai ce wayyo ba. Ya share fuskar waya da babban yatsa.

"Vernon, ya fita! Duba, har wutsiya ta fita!"

"Ina jirgin mutane?"

"Yana nan ai. Ina zai je? A ɗaure yake."

Jinyar ta yi tsawo. Kogi bai sauka da wuri ba, ba kuma mai hankalin da zai shiga. Kullum nakan je kan gada in tsaya. Ana hango korensa a ƙarƙashin jan ruwa, a naɗe jikin dutse. Igiyar tana kuka zuuu kamar wayar lantarki, shi kuma yana bugun dutse da goshi, gum, gum, ba dare ba rana. Bai taɓa irin wannan ƙara ba a rayuwarsa. Mutane suna wucewa a mota suna rage gudu su dube ni. Ban kula kowa ba.

Da ruwa ya ja baya, muka shiga ni da Vernon muka yanke igiyar da ya kamata a yanke tun farko, muka jawo shi da mota. Bayansa ya karye. Ya ninke biyu kamar tabarma, cikinsa cike da yashi da ruɓaɓɓen ganye, tsaga ta bi shi daga kujera har hanci. Na kai shi rumfa, na hura masa zafi, na miƙe abin da zai miƙu, na narka roba na cike tsagar. Hannuna ya gyara abubuwan da masu su suka riga suka yi wa kuka, don haka na sa rai. Na kai shi kududdufin bayan gida na ɗora shi a ruwa. Ya yi ɗan jim yana shawagi, kamar zai yi mini kara. Sannan ya fara sha a hankali, ba ƙara, ba gardama, har ya zauna a ƙasa. A nan rai ya yi halinsa.

Marigayi ya rasu ya bar filafilinsa mai kai biyu, abokin zamansa tun farko, wanda aka tsinta a gonar masarar wani can ƙasa, yanzu yana jingine a lungu ba ya da abin tuƙawa. Ya bar sarƙarsa, wadda ba a ba ta damar yin aikinta ba. Ya bar ƙarafan da na yi masa waldarsu a bayan a-kori-kura, suna tafe suna rungume da iska. Sandunan fatsa biyu da kwandon koto sun rasu tare da shi, ba a ga gawarsu ba. Allon awo ya tsira da tsaga. Ya kuma bar ni. Angar tafki tana nan a ƙarƙashin Dutsen Gwauro, ba ta cikin dangi, kuma kada wanda ya ciro ta.

Royce ya zo ta'aziyya, Darlene tana biye da shi, da kek na tuffa a hannu. Ya tsaya a bakin rumfa yana murza hula.

"Yaya, ka yi haƙuri. Tsautsayi ne. Roba ce fa, a ƙarshe. Zan saya maka sabo, mai feda, har da wurin ajiye kofi."

Na ce, "Ranar da ka mutu haka zan faɗa wa Darlene. Nama ne fa, a ƙarshe. Zan samo miki sabo, har da mai jin magana."

Darlene ta ce, "Yaya, ya isa haka. Shi ma fa ya kusa mutuwa."

"Ya kusa. Kullum aikinsa ke nan, ba ya ƙarasa abu."

Ta ajiye kek ɗin ta koma mota. Na zaci zai bi ta. Sai ya matso, ya rage murya, gawar tana kwance a gabansa.

"Yaya, maganar hoton nan. Ka ga na tura shi kafin a rufe gasa. Na ji wai za a yi zama a kai. Suna jin maganarka. Za ka sa baki?"

Na ce, "Zan sa."

An yi zaman a shagon Mis Opal, benci ya cika. Ta buga hoton babba ta ajiye a kan kanta. Ban taɓa ganin bas irin wannan a kogin nan ba. Ya cika allon awo har wutsiya ta leƙo waje. A gefe ga hannun Royce ya danne shi. A bayansu kuwa ga koren haƙarƙarin Otis, ruwa ya riga ya hau kansa, ga igiya a miƙe kamar tsarkiya. Shi ne hotonsa na ƙarshe a duniya, kuma wanda ya kashe shi ne ya ɗauka.

Wasu suka ce doka doka ce. Daga kwalekwale aka kama, a allo aka auna, kafin a rufe aka turo. Royce yana tsaye yana gyaɗa kai, fuskarsa har ta fara haske. Ya dube ni. Sai na tashi na sa bakin da na yi alkawari.

Na ce, "Mis Opal, dokar tana da kashi na ƙarshe. Mai kifi shi ne wanda ya mayar da shi ruwa da ransa. Ina so a tambayi Vernon wa ya mayar da wannan."

Vernon ya ce, "Royce bai sake shi ba. Da hannu biyu yake neman ya riƙe. Otis ne ya kife ya zuba shi."

Mis Opal ta gyara tabarau ta sake duban hoton. Ta ce, "To ai magana ta ƙare. Kifin Otis ne."

Royce ya ce, "Haba Mis Opal! Ni na jefa, ni na jawo! Ga hannuna nan a hoton, kowa yana gani!"

"Hannun ba matsala ba ne, ɗana. Ina da almakashi."

Aka fashe da dariya, har da masu cewa doka doka ce. Royce ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda bai yi ba. Ya ce, "Shekara nawa ina zuwa nan? Sau ɗaya fa. Sau ɗaya kawai na kama abin da zan nuna muku." Ya yi kuka a gaban mutane, ƙato da shi, hawaye yana bin gemu. Na duba zuciyata sosai ko zan sami tausayi, don an koya mana mu duba. Ban samu ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda aka ce masa a'a ya ji i, wanda aka ba wuƙa ya zaɓi waya, ba shi da hurumin kuka a gidan makoki. Kukan ma ba na Otis ba ne.

Ga yadda za a yi jana'iza. Gawar tana kwance a rumfata a kan katakai biyu, an wanke ta, mai son ganinta ya zo kafin Asabar, ya cire hula a bakin ƙofa. Ranar Asabar bayan azahar za a ɗora shi a bayan motata, a bi hanyar bakin kogi a hankali, masu filafili su biyo baya da jiragensu a kan motoci. Za a tsaya a kan Gadar Ƙarfe a kashe injuna, a yi shiru daidai tsawon lokacin da mutum zai yanke igiya. Ba zai ɗauke ku daga aikinku ba. Daga nan sai shagon Mis Opal, inda za a rataye shi a azarar baranda, karyayyen bayansa yana kallon hanya, don duk mai tunanin kawo angar tafki kogin nan ya gani kafin ya sayi koto. Fasto ya ce ba zai yi addu'a a kan roba ba, kuma na girmama shi a kan haka, amma zai zo cin abinci. Akwai soyayyar tarwaɗa da burodin masara da wake da shayi mai sanyi. Kada a kawo furanni. Kada kuma wanda ya zo mini da maganar sabon jirgi. Darlene tana cikin waɗanda aka gayyata, ita kaɗai.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa mu iya ɗaukar kaya shiru kamar yadda marigayi ya ɗauka.

Hukuncin da ƙungiya ta yanke wa Royce Tackett kuwa shi ne wannan. Hoton zai hau bango da sunan Otis a ƙasa, an riga an yanke hannun. An haramta masa gasar har iyakar ransa. Ba mai ba shi aron jirgi, ko filafili, ko ƙugiya ɗaya. Kowa ya san ba a gangara kogi sai da motar ɗan'uwa tana jira a mashigin ƙasa, to daga yau babu motar da za ta jira shi, kuma Darlene ta ce har da tata. In ya sake shiga kogin nan, da ƙafa zai dawo gida.